Minti Goma Sha Uku

Shekara ashirin da uku ina kiran salla a masallacin layinmu a Gidan Igwai, kuma in ka cire sati guda da zazzaɓi ya taɓa kwantar da ni, ban bar kowa ya riƙe makirfon nan ba. Sunana Sa'ad, amma tun da mahaifiyata ta rasu sunan ya yi ƙaura daga bakin mutane. Ladan ake ce mini, masu neman tsokana su ce Agogo. Ban taɓa jin haushi ba. In gaskiya ake so, daɗinsa nake ji.

Ina da wani hali da gara in faɗe shi tun yanzu. Ba na iya ganin mutum ya makara in yi shiru. Ba na faɗa, ba na wa'azi, lamba kawai nake ba shi. In liman ya sallame na ga wani ya miƙe yana rama raka'a biyu, sai in jira shi a bakin ƙofa in ce masa minti huɗu. Ɗaurin aure, taron suna, jana'iza, duk haka nake yi. Wanda ya fi kowa shan wannan a hannuna shi ne Mode mai faci. Rumfarsa taku goma ce daga masallaci, amma kullum shi ne na ƙarshe a sahu. Ya taɓa ce mini ranar da ya mutu ma sai na bi shi maƙabarta na gaya masa minti nawa ya ɓata wa masu haƙa.

Shekarun baya, da tsufa ya fara kama ƙafar tsohon limaminmu, kwamitin masallaci ya zauna ya yanke cewa duk abin da bai wuce minti biyar ba, ba makara ba ce, uzuri ne. Ni kaɗai na ƙi ɗaga hannu. Na ce musu minti ɗaya ma makara ce, wanda ya ga dama ya yafe ta, amma kada a canza mata suna. Suka yi mini dariya suka wuce da abinsu. Tun daga nan "biyar ɗin kwamiti" ta shiga bakin unguwa, har matan aure suna jefa wa mazajensu ita in tuwo bai sauka da wuri ba. Ni dai ban taɓa cin ko minti ɗaya daga cikinta ba. La'asar ƙarfe huɗu ce a allon masallacinmu, kuma huɗu na cika za ka ji ni. Da haka mutanen layin suka daina duba agogo. Mai ƙosai da kirana take hura wuta, masu shan magani da shi suke haɗiya. Wayoyi na nan a aljihunsu, amma ni suke saurare.

Gidan Alhaji Maigandi bango ɗaya ne da masallaci, lasifikarmu ma tsakar gidansa take kallo. Alhaji ya shekara biyu a kwance, rabin jikinsa ya shanye, matarsa Inna Hindu ke jinyarsa. 'Ya'ya biyu ne suka rayu musu. Babban, Muntari, yana sayar da atamfa da shadda a kasuwa, ya daɗe da gina nasa gidan ya tashi. Ƙaramin, Sirajo, shi ya zauna da iyayen, da matarsa Saudatu da 'ya'ya uku, babbarsu Nabila. Shi ke noma fadamar Alhaji da ke Dundaye, shinkafa da damina, albasa da rani, shekara goma sha biyar yana yi. Fadamar nan ita ce abincin gidan, kuma kowa ya san in Alhaji ya rufe ido, kusan rabinta na Sirajo ne.

Wata Talata, lokacin cirar albasa, ina zaune a inuwar masallaci ina goge babur ɗina, sai ga Saudatu ta fito a guje, hijabi a juye, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na wani. Mahaifinta abokina ne tun ƙuruciya, don haka Baba take ce mini.

"Baba Ladan, mota ta banke Baban Nabila bisa hanyar Dundaye. Shina asibiti, an ce in yi sauri. Na duba, babu kabu-kabu ko guda."

Gaskiyarta, satin ana wahalar mai, 'yan acaɓa duk sun ajiye babura. Abin da na fara yi, Allah ne shaida, agogo na duba. Uku da minti goma sha bakwai. Na yi lissafi a tsaye: ashirin zuwa, ashirin dawowa, in sauka da saura minti uku, kuma da alwalata. Na ce ta hau. Ta ce ba ta gaya wa tsofaffin ba, kada a tayar musu da hankali tukuna. Mabuɗin akwatin lasifika yana aljihuna, Mode kuma yana zaune a rumfarsa yana kallonmu. Jefa masa mabuɗin ba zai ci mini komai ba. Ban jefa ba, don ban ga ranar da Mode zai kira salla ina da rai ba.

Na sauke ta a ƙofar asibitin uku da minti arba'in da ɗaya, na riga na ci minti huɗu da ba ni da su. A dawowa na tarar wata tirela ta mutu a gicciye, ta toshe hanya. Na kurɗa lunguna, na faɗa kwata, na tura babur da ƙafa. Ina ji masallatai suna kira ɗaya bayan ɗaya, kowanne kamar ni yake yi wa gori. Da na buɗe akwatin na ɗauki makirfo, idona ya yi abin da ya saba. Huɗu da minti goma sha uku. Na daidaita numfashi na yi kiran da muryar kullum, ban gaggauta ba, don kada kowa ya ji alamar gudu a cikinta. Mutane suka fara fitowa daga shaguna suna naɗe hannun riga. Ba wanda ya dube ni.

Ban kai ƙarshen kiran ba kuka ya tashi a bayan bango. Alhaji Maigandi ya cika. Muna idar da salla waya ta zo daga asibiti cewa Sirajo ma ya tafi. Washegari da hantsi muka jera uba da ɗa a gaban liman, salla ɗaya, kabari kusa da kabari. Na halarci jana'iza ba iyaka, amma ban taɓa ganin wadda maza suka kasa kallon juna irin wannan ba.

Kwana ukun zaman makoki, labari ɗaya Inna Hindu take bai wa duk wadda ta shigo. Ita kaɗai ce a ɗakin da shi, ba waya a hannunta, ba agogo a bango. Ladan ya ce Allahu akbar ta farko, Alhaji ya ɗaga yatsan hannunsa mai lafiya, kafin a kai tsakiyar kira rai ya yi halinsa. Mata suka fito da labarin, maza suka karɓa a zaure. Aka yi ta cewa kyakkyawar cikawa, har wasu suna ba ni hannu kamar ni na yi wani abu. Na karɓi hannun, na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. A raina murna nake makarata ta shige cikin mutuwa ta ɓace. Wannan ma na faɗa ne don kada wani ya ɗauke ni mutumin kirki a labarin nan.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zauren gidan. Limaminmu na yanzu, Malam Nasiru, shi ke raba wa unguwa. Ba a kira ni ba, don ba abin da ya haɗa ni da shi, a bakin masallaci na ji yadda aka yi. Malam ya fara da tambayar wanda ya riga wani, ya ce komai a kanta ya rataya. In uba ya riga, ko da numfashi ɗaya ne, Sirajo ya gaje shi, kasonsa ya sauka ga 'ya'yansa. In ɗa ya riga, jikoki ba su da komai muddin baffansu na raye. Wasiyya kuwa Alhaji bai bari ba, wa zai yi zaton tsoho shanyayye zai wuce ɗan shekara talatin da takwas. Aka kawo takardar asibiti, an rubuta Sirajo ya cika huɗu da minti bakwai. Alhaji kuma ya cika da kiran Ladan, wato ƙarfe huɗu. Ba wanda ya ga abin tambaya a nan. Aka ce uba ya riga ɗa da minti bakwai, aka yi hamdala, aka sa ranar zuwa Dundaye auna fadama.

Lissafin da ba na so ya yi kansa a kaina, don kaina bai iya barin lamba ta wuce ba. Sha uku a cire bakwai, shida. Alhaji ya rayu minti shida bayan ɗansa, bai ma san ɗan ya yi hatsari ba.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina ba wanda ya tambaye ni. Kwana tara na yi a haka, ina kira a kan lokaci, ina wuce ƙofar gidan da sauri.

Mode ne ya ɓata, kuma bai san ya ɓata ba. Muntari ya kawo tayar motarsa faci, suna hira, sai Mode ya tuna da abin daɗin da mutuwa ta hana shi ci. Shekara ashirin yana jiran ranar da zai ga makarata. Ya ce wa Muntari ai ranar rasuwar ma Agogo ya tsaya, sai da masallacin tsallaken titi suka tayar da iƙama kafin a ji ni. Ya faɗa yana dariya yana buga cinya. Muntari ya tambaye shi minti nawa. Ya ce shi ina ya sani, ai ba ya duba agogo, aikin Ladan ne.

Da yamma Muntari ya same ni ina naɗe tabarmi. Ya gaishe ni da ladabi, har da ɗan rusunawa. Mutum ne mai tsabta, turarensa na riga shi isowa, kuma bai taɓa makara ba, abin da ya sa a da nake ganin girmansa.

"Ladan, ni ba hwaɗa niz zo ba. Halat nika biɗa, gare ni da gare su. Ba ni son ɗiyan ƙanena su tashi da abin da ba nasu ba cikin cikinsu. Ran da Baba yar rasu, ƙarhe nawa kay yi kira?"

Kai ka ji tausayi. Wai cikin marayun yake ji. Na ce masa maganar gado ba a bakin tabarma ake yin ta ba, in Malam ya kira ni zan zo. Ya ce haka ne, ya yi godiya ya tafi. Malam ya sa ranar Asabar bayan Azahar.

Kafin Asabar na je wurin Malam Nasiru da wayo irin na tsofaffi, na ce wata mas'ala ce aka aiko mini daga ƙauye. In ba a san wanda ya riga ba fa? Malam ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in ba a sani ba, ba wanda ya gaji wani, kowa dukiyarsa ta tafi ga magadansa masu rai. Wato ko na ce na manta, ko na ce ban duba ba, yaran sun tashi a tutar babu. Hanya ɗaya ce ta rage musu, in faɗi lambar da ba ta kai bakwai ba. Ina miƙewa Malam ya ce in gaida mutanen ƙauyen.

Ranar Juma'a da safe Inna Hindu ta aiko a kira ni. Tana takaba, don haka daga bayan ƙofar zaure ta yi magana, ina tsaye ta wannan gefen ina kallon ƙasa. Ta riga ta gwada janye maganarta, ta ce wa Muntari wataƙila tsufa ne, wataƙila Alhaji ya cika kafin kiran. Amma mata sun fi ɗari da suka ji labarin yatsan nan daga bakinta. Ta roƙi Muntari ya bar zancen, ya ce mata ba shi ya yi shari'a ba.

"Sa'adu," in ji ta. Rabona da jin sunan nan shekara goma sha ɗaya. "Ni ban san ko nawa na ba, kuma kak ka hwaɗa min. Biyat za ka ce. Mi ab biyat? Ku da kanku kunka zauna kunka ce biyat ba makara ba ta. Ɗiyan ga ukku, ƙaraminsu ko yaye ba a yi mai ba. Ina za su?"

Na ce mata Allah ya zaɓa mana mafi alheri, amsar da mutum ke bayarwa in ba shi da amsa. Saudatu tana cikin gidan, na ji motsinta da kukan na goye. Ita ba ta aiko ba, ba ta leƙo ba. Ta san lokacin da na sauke ta, ta san nisan hanya, kuma ba sakarya ba ce. Ko sau ɗaya ba ta roƙe ni komai ba.

Na fito na yanke shawara, biyar zan ce. Na juya ta ta kowane gefe na ga ta zauna daidai. Mode ya ce na makara, to ga makara na amsa. Masallacin tsallake suna gaggawar iƙama, kowa ya sani. Biyar da ɗan abin da kira ya ci, Alhaji ya cika huɗu da minti shida, ya riga ɗansa da minti guda, yara su ci abinci. Ba mai agogon da zai ƙaryata ni, duk layin ni ne agogon. Muntari yana da shago uku, ba zai kwana da yunwa ba. Na ce Ubangijin da ya ga dalilin makarata zai ga dalilin ƙaryata. Har gwadawa na yi a baki ina tafe a kan babur, biyar, biyar, don harshe ya saba.

Asabar zauren ya cika. Malam Nasiru a tsakiya da takardar asibiti a gabansa, Muntari a dama, dattawan layi a jikin bango. Mode ma an kira shi, ya rakuɓe a bakin ƙofa, fuskarsa ba dariya, don zuwa lokacin ya gane abin da bakinsa ya jawo. Ƙofar cikin gida a ɗan buɗe, kowa ya san mata na bayanta. Wani dattijo ya ce a kawo Alƙur'ani. Malam ya ɗaga hannu ya hana.

"Ba mu bukatar rantsuwa wurin Ladan. Shekara ishirin da ukku muna salla bisa maganatai, muna buɗa baki da azumi bisa maganatai. Abin da yac ce shi na." Ya juyo gare ni. "Malam Ladan, ranar Talatan nan, minti nawa?"

Da ya bari an kawo littafin, wallahi ina jin da na fi samun sauƙi, don na shirya wa rantsuwa, na shirya wa kaffara, na shirya wa istigfari. Wannan ce ban shirya mata ba. Na dubi dattawan nan, duk sun zuba mini ido hankali kwance, irin yadda suke jirana da dabino a hannu in rana ta kusa faɗuwa. Biyar tana kan harshena. Na buɗe baki.

"Goma sha ukku."

Malam ya tambaya ko na tabbata, kuma na ga a idonsa ƙofa ce yake buɗe mini. Na ce na duba agogo kafin in ɗauki makirfo, kamar kullum. A bayan ƙofa wani abu ya faɗi, kwano ne ko buta, sannan muryar Inna Hindu tana salati ƙasa-ƙasa. Mode ya tashi ya fita ba sallama.

Mutane sun yi ta ce mini daga baya na ji tsoron Allah. Wasu har da addu'a. Ni da na san cikina ba zan iya rantsewa a kan haka ba. Tsoron Allah yana ciki, ban musa ba. Amma akwai kuma mutumin da ya tsaya a gaban kwamiti ya ce minti ɗaya ma makara ce, wanda ya gwammace komai da a ce ya ci biyar ɗin da ya raina. Wanne ne a cikinsu ya yi magana ranar, har yau ban sani ba, kuma na tambayi kaina fiye da yadda kowa zai tambaye ni.

Abin bai tsaya a fadama ba, kuma wannan ban hango shi ba duk da lissafina. Tun da Sirajo ya riga, to Alhaji ya gaje shi. Kashi ɗaya cikin shida na abin da Sirajo ya bari ya zama na tsohon da ya rayu minti shida bai san komai ba, daga shi kuma mafi yawansa ya gangara wurin Muntari. Abin da Sirajo ya bari kuwa injin ban-ruwa ne, da ragowar albasa a rumbu, da babur ɗin da mota ta murƙushe. Sai da aka sayar da injin kafin a iya fitar da kason. Malam Nasiru ya karanta hukuncin. Da ya gama ya yi wa Muntari nasiha mai tsawo a kan marayu da zumunci, ya ce abin da gado bai ba su ba kyauta tana iya ba su, ko da kadada guda ce. Muntari ya share hawaye, ya ce 'ya'yan Sirajo 'ya'yansa ne, zai duba. Ya duba ɗin. Kafin ruwan farko ya ba wani manomi hayar fadamar, ya ce duk kaka za a kai wa yaran buhu biyu na shinkafa.

Inna Hindu ba ta zage ni ba. Ta aika wa kwamiti cewa tana roƙon a juya lasifikar ta daina kallon gidanta. Ni na hau tsani na juya ta da hannuna, yanzu bayan wani gidan mai take kallo. Mode ya daina makara. Kafin in buɗe akwati yana sahun farko, kuma bai ƙara ce mini Agogo ba, bai ƙara ce mini komai ba. Ni ma na daina bai wa mutane lamba. In na ga mai rama raka'a sai in ɗauki takalmina in wuce.

Da takaba ta ƙare aka shirya Inna za ta koma wurin Muntari, gidan kuma a sa 'yan haya. Ba wanda ya kori Saudatu, sai dai ba abin da za ta zauna ta ci. Mahaifinta ya aiko a kawo ta Kalambaina, inda yake zaune a ɗaki biyu da ƙafa mai ciwo. Ranar tafiyar ina zaune a wurin da ta same ni ranar Talatan nan. Keke napep biyu suka ɗauki kayan, katifa a sama an ɗaure da igiya, yaran a ciki. Na so in shige masallaci kafin ta fito, amma na ci gaba da zama.

Ta ce wa mai keken ya tsaya. Ta sauko da na goye a baya, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba tun tana yarinya. Ta rame har na kusa kasa gane ta. Na amsa, na fara haɗa wata magana da na yi wata uku ina shiryawa, ta katse ni a hankali.

"Baba Ladan, ba don wannan nit tsaya ba. Tambaya ɗai gare ni. Na iske shi da rai ran nan. Ya gane ni, ya riƙe hannuna, ya yi min magana. Ni ban san ko mun daɗe ba, wani lokaci in ga kamar yini guda, wani lokaci in ga kamar ban ko zauna ba. Kai ka san sa'ad da kas sauke ni. Minti nawa nis samu da shi?"

Ban ko yi tunani ba. Uku da arba'in da ɗaya zuwa huɗu da bakwai.

"Ishirin da shidda," na ce. "In an ɗebe tahiya daga ƙohwa zuwa ɗaki, ishirin da ukku."

Ta maimaita a hankali, ishirin da uku, kamar mai gudun kada ta manta. Ta ce ta gode da su, ba don ni ba da ko ɗaya ba ta samu ba. Na jira sauran maganar, wadda na cancanta, na ma sunkuyar da kai don ta sauka. Ba ta zo ba. Ta gyara goyonta ta miƙe, ta dubi inuwar bangon masallaci, sannan ta dubi hannuna.

"Tahi ka yi kira, Baba. Kak ka makara."

Na duba. Saura minti biyu. Keken ya tashi, katifar na rangaji a sama, babbar yarinyar ta juyo tana kallon gidan. Na shiga na buɗe akwatin, na riƙe makirfo ina kallon agogo har huɗu ta cika, sannan na kira.